Talabijin ɗin Mai Hoto

Mai Hoto muke ce mata, mu ma'aikata. Mata masu zuwa awo kuma Anti Mai Hoto suke cewa, har da waɗanda suka girme ta. Ita ce mai yin sikanin a ɓangaren masu ciki na asibitinmu, ni kuma ungozoma ce, ƙofar ɗakin haihuwa tana kallon ƙofarta. Mun haura shekara ashirin muna gaisawa ta wannan siririyar baranda. Ita tana nuna wa mata 'ya'yansu tun suna ciki, ni ina jiran ranar da za su fito in yi ta fama da iyayensu. Na sha gaya mata cewa aikinta na 'yan gata ne, mutum ya zauna cikin sanyi da duhu yana kallon talabijin, ƙarshen wata a biya shi. Sai ta yi murmushi ta ce, "Sista, bakinki zai kai ki inda ƙafarki ba ta shirya ba."

Talabijin ɗin shi ne fuskar na'urar sikanin. Matan ne suka raɗa masa suna, mu ma muka bi. Yana kan wani hannu na ƙarfe mai gwiwa, da yatsa ɗaya ana iya tura shi dama ko hagu, kuma in an tura shi sai ya yi ɗan ƙara. Ɗakin kansa ɗan mitsitsi ne, ba taga. Gado ɗaya mai shimfiɗar leda, ɗan akwatin katako na takawa a hau, kujera mai taya, da ƙusa a bayan ƙofa inda mata suke rataye mayafi. A gefe akwai roba da ruwan ɗumi, a ciki take tsoma kwalbar man da ake shafawa a ciki, don kada sanyinsa ya razana mace. Ba wanda ya koya mata wannan, kuma ba wanda ya taɓa ce mata na gode a kai.

Asalinta nas ce, kuma a ɗakina ta fara. Hannunta yana da kyau, amma zuciyarta ba ta aikinmu ba ce. Ranar farko da aka ce ta je ta shaida wa wani magidanci cewa ɗansa bai zo da rai ba, sai muka neme ta muka rasa. A ɗakin ajiyar zannuwa na same ta, ta kulle kanta tana ninke abin da aka riga aka ninke. Ni na je na faɗa wa mutumin. Da aka kawo na'urar sikanin ana neman wanda za a tura ya koyo, ita ta fara ɗaga hannu, ni kuma na fara goyon bayanta, don na gaji da nemanta a bayan zannuwa.

A can ta samu doka mai daɗi. Dokar ta ce mai sikanin ba ya yi wa marar lafiya bayani, nasa ya ɗauki hoto ya rubuta, likita ne mai magana. Mai Hoto ta rungumi rabin dokar nan ta saki rabi. In mace ta kwanta, talabijin yana kallon Mai Hoto ita kaɗai. Ta duba, ta auna, ta sake dubawa. In komai lafiya, sai ta sa yatsa ta tura shi wajen matar, ƙarfen ya yi ƙararsa, ta ce, "Ga mutumin naki nan, ji yadda ya miƙe ƙafa kamar shi ya biya kuɗin haya." In kuwa ta ga abin da ba shi ke nan ba, talabijin ba ya motsi. Ta goge wa mace ciki a hankali, ta taimaka mata ta sauko, ta ce, "Ki kai wa likita, zai yi miki bayani."

Mata ba wawaye ba ne. Kafin a jima duk masu zaman benci sun gane. Mace tana fitowa za ka ji na kusa da ƙofa sun tambaye ta, "An juya miki?" In ta ce an juya, sai a yi mata barka. In ta sunkuyar da kai, sai a matsa mata wuri ta zauna. Har mu ma'aikata haka muke tambaya. Na taɓa ce mata, "Ke fa kina faɗar mugun labari, sai dai da ƙarfe kike faɗa." Ba ta ji daɗin maganar ba, ta kwana biyu ba ta shigo shan shayi wurina ba.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, mijinta ya rasu yarinyar tana ƙarama, ba ta kuma sake aure ba. Shalele muke ce wa yarinyar, kuma sunan ya bi ta, don kuwa an shagwaɓa ta. Ni na karɓi haihuwarta. A ɗakin sikanin ta tashi, in an taso daga makaranta a kan akwatin katakon nan take zama ta yi aikin gida, in mace ta shigo ta koma bayan ƙofa. Tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba ta san ƙarar ƙarfen nan da abin da take nufi. Ta girma ta zama malamar 'yan aji ɗaya, ta auri wani mai gyaran janareto da muke ce wa Injiniya don mu ji daɗin tsokanarsa, yaro mai kunya da hannu kullum baƙi da mai. Sun daɗe ba su samu haihuwa ba. Uwar da take nuna wa matan gari 'ya'yansu kullum sai ta koma gida ba ta da abin nuna wa tata. Da cikin ya zo, Mai Hoto har ƙiba ta yi.

A shekarar ne aka yi wata mura mai zafi. Ta fara kamar kowace mura, atishawa da ciwon jiki, amma a wasu sai ta gangara ƙirji. Likitoci suka ce ƙwayar cutar bairos ce, ba irin wadda maganin kashe ƙwayoyin cuta yake ji ba, kuma ta fi yi wa masu ciki illa, saboda ciki ya riga ya tokare huhu, numfashin ma da ƙyar ake samu. Abin haushin shi ne mai ciki in ta ce numfashinta yana sama-sama, kowa sai ya ce ai ciki ne. Ita ma haka take ce wa kanta. In kuma an ce ta je ɗakin eksire a ɗauki hoton ƙirji, sai ta ƙi, ta ce haskensa zai taɓa mata ɗa. A yi ta lallashi, a ce za a rufe cikin, ina! Wasu daga bakin ƙofar ɗakin suke zamewa su tafi gida.

Muna da wani likita matashi a lokacin, Dogo muke ce masa a bayan idonsa, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin sikanin. Shi ya zo wa Mai Hoto da maganar cewa na'urarta tana iya duba huhu, ba haske mai cutarwa, ba sai an kai mace ko'ina ba.

Ta ce, "Likita, huhu ai iska ne. Na'urar nan ba ta ganin iska."

Ya ce, "Haka ne, Anti. Shi ya sa in ta ga wani abu a wurin, to ba iska ba ce."

A bayana suka koya, ni da nake da faɗin baya. Sai in zauna a bakin gado in ɗaga riga, ya ɗora kan na'urar a tsakanin haƙarƙarina, sama da ƙasa, dama da hagu, yana nuna mata. Huhu mai lafiya layuka yake nunawa a kwance, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. In ruwa ya fara taruwa, sai a ga fararen layuka suna saukowa daga sama zuwa ƙasa kamar hasken tocila a ɗaki mai hayaƙi. In sun yi yawa sai su haɗe, wurin ya zama fari fat. Mai Hoto ta koya da kyau, Dogo da kansa ya yabe ta. Amma kullum sai ta ce, "Idona bai nuna ba tukuna a kan huhu." Shekaru ta yi tana kallon jarirai, wannan kuwa 'yan makonni ne.

Aka tsara yadda za a yi. Duk mai cikin da ta zo da tari sai ta fara tsayawa a teburin nas da ke bakin ƙofar gaba, a auna zafin jikinta, a maƙala mata ɗan abin nan a yatsa mai nuna yawan iskar da ke jininta. Daga nan ta wuce wurin Mai Hoto a duba bayanta, sannan likita. Wadda iskarta ta yi ƙasa kuma aka ga fararen layuka, ba ta kwana a gida. Mata da yawa suna raye yau saboda wannan tsari, kuma ba su ƙi shi ba, don ɗakin Anti ne da suka saba.

Sai dai mu ma'aikatan asibiti muna da wata ɗabi'a da muke ɗauka gata ne. Namu ba sa bin layi. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da matan 'yan'uwanmu ta ƙofar baya suke shigowa, wadda ke kusa da wurin wanki, ba kati, ba benci, ba teburin nas. A duba su tsaitsaye lokacin hutu, a rubuta magani a bayan wata takarda, su tafi suna jin su 'yan gida ne. Na ga wannan gatan ya cuci mutane fiye da yadda layi ya taɓa cutar kowa.

Ta ƙofar bayan Shalele ta shigo, cikinta yana wata bakwai. Ina ɗakin sikanin da kofin shayina, lokacin hutun rana ne. Ta jingina da ƙofa tana haki, tana dariya.

Ta ce, "Anti, jikar nan taku ta mai da ni tsohuwa. Daga bakin titi zuwa nan sai da na huta a hanya."

Na ce, "Ke dama can malalaciya ce, kada ki ɗora wa yarinya."

Ta yi tari, busasshe, mai tsawo. Ta ce yaran ajinta ne suka shafa mata, rabin ajin duk majina. Uwar ta dube ta ta ce ta hau gado ta juya baya. Shalele ta tuɓe takalmanta a gindin akwatin, ta hau da ƙyar, na riƙe mata riga.

Mai Hoto ta ɗora kan na'urar a ƙasan kafaɗarta. Ta gangara. Ta koma ɗaya ɓangaren. Ta dawo inda ta fara. Ni ina bayan talabijin, ba na ganin komai, kuma ko na gani ba sana'ata ba ce. Abin da na lura kawai shi ne kujerar mai taya, wadda kullum take gaba da baya in tana aiki, ta tsaya cak.

Shalele ta ce, "Mama, kin yi shiru."

Ta ce, "Kwanta in ga jikata."

Ta kwanta. Uwar ta shafa man mai ɗumi, ta ɗora a ciki. Idon Shalele ba ya kan uwarta, yana kan hannun ƙarfen nan. Yarinyar da ta yi shekaru tana jiran wannan ciki, ta kuma san abin da rashin motsin ƙarfen yake nufi tun tana 'yar firamare. Mai Hoto ta kalle ta, ta kalli talabijin. Sai ta sa yatsa ta tura. Ƙarfen ya yi ƙara, ta buɗe sauti, bugun zuciyar jaririya ya cika ɗakin.

Shalele ta saki numfashi ta ce, "Kai, Mama, kin ba ni tsoro!" Ni ma na yi dariya, na ce ga goshin Injiniya nan sak, Allah ya sa dai ba ta ɗauko kunyarsa ba.

Da uwar take goge mata ciki sai ta ce, "Ki kwana wurina yau."

"Mama, takardun jarrabawar yara suna jirana, ga maigidan yana waje da babur."

"To ki ɗan tsaya likita ya gan ki."

Fuskar Shalele ta canza nan take. Ta ce, "Likita kuma? Ba kin juya min ba?"

Mai Hoto ta ce, "A'a, don tarin ne kawai. Ya rubuta miki wani abu."

"Ai ina shan magani. Bari in tafi, Mama, kada ya ƙone a rana."

Dogo yana tiyata a lokacin. Shalele ta zauna a bakin gado tana laluben takalmi da ƙafa, cikin ya hana ta sunkuyawa. Uwar ta durƙusa ta sa mata. A daidai nan aka ƙwala min kira daga ɗakin haihuwa, na ajiye kofi na fita da gudu, ban sake samun kaina ba sai da rana ta yi sanyi, lokacin ɗakin sikanin yana kulle.

Daga baya Mai Hoto ta gaya min yadda ta yi da sauran yinin. Ta ajiye hotunan bayan Shalele a cikin na'ura. Duk macen da ta fita sai ta buɗo su ta sake kallo. Ta ce wa kanta wataƙila ba ta riƙe kan na'urar daidai ba. Ta ce wataƙila yarinyar ta motsa. Ta ce ai idonta bai nuna ba a kan huhu, kuma ga yarinya tana tafiya da ƙafarta tana ba'a. Da Dogo ya fito daga tiyata a gajiye, ta gan shi ya wuce ta baranda, ta buɗe baki ta rufe. In ta nuna masa, zai faɗi abin da ta gani da babbar murya, shi ke nan ya zama gaskiya.

Washegari da safe ta kira shi, ina tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ce masa na wace ce ba, ta dai buɗo hotunan. Ya sunkuya ya duba, bai ɗauki lokaci ba.

Ya ce, "Wannan tana wane gado?"

Ta ce, "'Yata ce. Tana gida."

Ya miƙe har kansa ya kusa taɓa silin. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Nawa iskarta ta nuna a yatsa?" Ta ce ba a auna ba, ta baya ta shigo. Ya ce, "Kira ta yanzu, Anti. Ki gaya mata yadda abin yake."

Ta kira, ta buɗe sautin wayar don mu ji. A iya sanina wannan ne karo na farko da Mai Hoto ta faɗi mugun labari da bakinta. Ta ce, "Shalele, huhunki akwai ruwa, duka biyun. Na gani tun jiya. Ki taho yanzu."

Muka ji numfashi a wayar, gajere-gajere. Sannan muryar ta zo, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya.

"Mama... ai kin... juya min."

Dogo ya karɓi wayar ya tambaye ta wa ke kusa da ita. Ba kowa, Injiniya ya fita aiki tun da sassafe, don ta ce masa Mama ta duba ta ce lafiya lau. Muka ɗauki motar asibiti da silindar iska, ni da uwar. Mun same ta zaune a ƙasa ta jingina da gado, takardun yara a warwatse, jan biro a hannunta. Leɓunanta sun yi duhu. Da ta gan mu sai ta yi ƙoƙarin tattara takardun, wai kada mu ga ɗaki a hargitse.

Aka kwantar da ita a ɗakin sama inda ake ware masu murar, aka sa mata abin shaƙar iska. Kullum da safe sai a turo na'urar sikanin har bakin gadonta, Dogo yana tsaye, uwar tana dubawa, don ta ƙi yarda wani ya taɓa. A rana ta biyu, bayan an duba baya an dawo ciki, na ga yatsan Mai Hoto ya nufi talabijin. Shalele ta janye abin shaƙar daga bakinta ta ce, "Mama, kada ki juya sai in har da ni." Ba da faɗa ta faɗa ba, har tana shafa hannun uwar. Yatsan ya koma. Tun daga ranar kullum sai a turo na'urar, a duba, a mayar, ƙarfen bai yi ƙara ko sau ɗaya ba, kuma Shalele ta daina kallonsa.

Injiniya ba a barinsa ya shiga. A ƙasan bene yake yini, ya gyara janareton asibiti sau biyu ba wanda ya sa shi. Duk wanda ya sauko sai ya miƙe tsaye ya cire hula.

Da farin ya mamaye huhun, likitoci suka yanke shawarar a ciro jaririyar, ko uwar za ta samu wurin numfashi. Ni na karɓe ta, kamar yadda na karɓi uwarta. 'Yar ƙarama, tafin hannuna biyu sun ishe ta, amma ta yi kuka, aka ruga da ita kwalbar renon bakwaini. Shalele ba ta farfaɗo ta gan ta ba. Bayan kwana biyu ta rasu, da hantsi, uwar tana riƙe da ƙafarta.

Na yi kuka kamar ni na haife ta, kuma na yi fushi, ban san da wa ba. Dogo ya zaunar da Mai Hoto ya gaya mata gaskiyar da ya sani. Ya ce murar nan ta kashe waɗanda suka zo da wuri ma, kuma ba likitan da zai iya rantsuwa cewa kwana ɗaya ne ya raba. Ni ma na maimaita mata wannan har bakina ya gaji, kuma ba ƙarya nake yi don in lallashe ta ba. Amsarta ɗaya ce kullum: "Na sani, Sista. Amma na juya."

Mun ɗauka ba za ta dawo aiki ba. Ta dawo, ta rame, fararen kayanta suna yawo a jikinta. Abin da ta fara yi shi ne ta kira mai gyaran na'urori ta ce ya ɗaure gwiwar ƙarfen nan tamau. Ya ce ai lafiyarsa ƙalau. Ta ce ya ɗaure. Yanzu talabijin yana tsaye a tsakiya, mace tana iya leƙawa in ta so, amma ba ya zuwa ba ya dawowa. Matan benci suka rasa abin tambaya. Wasu sun ce Anti ta canza, ta zama mai baƙar magana, don yanzu da bakinta take cewa, "Ɗanki yana lafiya," kuma da bakin nan take cewa, "Na ga abin da ban so ba, zo mu je wurin likita tare." Muryarta tana rawa har yau in za ta faɗa, amma tana faɗa.

Ta kuma daina duba 'yan ƙofar baya. Matar ƙanen shugabar nas-nas ma sai da ta koma ta yanki kati ta miƙa yatsa a teburin gaba. Wannan ya jawo mata baƙin jini a wurin abokan aiki, wasu suka daina gaishe ta. Ba ta damu ba, ko kuma ta damu ba ta nuna ba, ni dai na kasa ganewa, don ta rage shigowa shan shayi. Jikar tana hannun mahaifiyar Injiniya, yana kawo wa Mai Hoto ita ranar hutu. Yarinyar ta ɗauko goshinsa kamar yadda na faɗa, amma dariyar ta uwarta ce, kuma in ta yi ta sai Mai Hoto ta tashi ta shiga kicin ta daɗe.

Murar ta lafa, amma duk shekara takan leƙo. Kwanan baya ina tsaye a ƙofata na ji hayaniya a ɗakin sikanin. Wata mai ciki ce, ƙatuwar mace mai murya, tana tari tana masifa. An duba bayanta an ga fararen layuka, an gaya mata ba za ta gida ba, ita kuma ta ce yaranta suna dawowa daga makaranta ba kowa a gidan, gobe za ta dawo. Ta sauko daga gado tana laluben takalmi da ƙafa, ba ta samu ba. Takalman suna hammatar Mai Hoto.

Matar ta ce, "Anti, ba ni takalmina."

Ta ce, "Suna nan. In kin hau gado a sama zan ajiye miki a ƙarƙashinsa. Ba ni lambar maigidan in kira shi ya ɗauko yaran."

"Wai ke ba ki da tausayi ne? Ba ki da 'ya'ya?"

Mai Hoto ta leƙo ta ce a kawo keken marasa lafiya, ta tsaya a bakin ƙofa da takalman har aka kawo. Matar ta zauna tana zage-zage tana haki, aka tura ta, Mai Hoto tana biye da su har bene.

Da ta dawo na tare ta a baranda, na ce in ba ta yi hankali ba wata rana 'yan sanda za su zo su tafi da ita kan satar takalma, kuma ni ba zan je beli ba. Na so ne ta yi dariya, ko kaɗan.

Ta tsaya tana kallon ƙasa. Ta ce, "Na Shalele ni na sa mata, Sista. Ƙafarta ta kumbura, ba su shiga ba, sai da na sassauta maɗaurin."

Ta shiga ɗakinta, ta taɓa ruwan robar ta ji ya huce, ta ƙara na zafi daga fulas. Sannan ta leƙo ta kira mace ta gaba.